Me ya sa gutsuren murjani ke faɗowa daga dutse, kuma yaya ake dasa shi ya kama?

"Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na haɗa tankin ruwan gishiri mai cin lita 120 a gidana a Abuja. Kifi biyu ne a ciki, kuma lafiyarsu ƙalau. Makon jiya aka kawo mini 'yan gutsattsarin murjani huɗu daga Legas: Zoanthus ɗaya, Montipora ɗaya, Euphyllia mai kan guduma ɗaya, sai wani mai taushi mai kama da naman kaza. Na manna su a jikin dutse da sufa gulu irin na shagon unguwa, amma kusan kullum da safe sai in tarar da ɗaya ko biyu a kife a kan yashi. Mai kama da naman kazan ma sulɓewa ya yi, sai a bayan dutse na gano shi. Wane gam ya kamata in yi amfani da shi? Ba zai kashe mini kifi ba? Kuma wannan ɗan abin simintin da suka zo a kansa, cire shi ake yi ko barin sa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: gam ɗin da ya dace, ko yana da illa ga kifi, da kuma abin da za ka yi da ɗan faifan simintin nan mai ƙafa ɗaya wanda masu sana'ar ke kira fulogi. Duk zan amsa maka su. Sai dai tun da na karanta sunayen abin da ka sayo na ga inda matsalar take. Halittu huɗu ne a hannunka, kowanne da yadda Allah ya yi shi yake kama dutse, kai kuma ka yi musu kuɗin goro da gam iri ɗaya. Biyu daga ciki gam zai yi musu, ɗaya gam kaɗai ba zai ishe shi ba, ɗaya kuma ko kusa ba a manna shi da gam.

Mu Hausawa murjanin da muka sani shi ne jan dutsen adon da iyayenmu mata ke sawa a wuya da hannu. Wancan ƙashin wata dabba ce da ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda ke tankinka danginsa ne, amma da ransa, kuma dabba ce duk da kamar tsiro da ya yi. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Shi ya sa wurin da ka ajiye shi, da hasken da ke sauka a kansa, da yadda ruwa ke kaɗa shi, suka zama maganar rai da mutuwa a gare shi. Gutsuren da aka sayar maka kuwa dashe ne, kamar yadda manomi ke yanka karan rogo ko na rake ya binne ya tsiro. An ɓallo shi daga jikin uwa, ya warke, yanzu yana neman inda zai kafu.

To a nan ne nake so ka riƙe abu ɗaya. A mafi yawan murjani, aikin gam riƙon ƙwarya ne. Yana tsayar da dashen ne cak na 'yan makonni, har shi da kansa ya shimfiɗa tsoka ko ƙashi a kan dutsen ya kama. Muddin yana motsi, ko da ɗan girgiza ne da ido ba ya kula da shi, ba zai kama ba. Duk faɗuwa ɗaya kuma tana mayar da hannun agogo baya, don sai ya fara jinyar ƙujewar da ya samu kafin ya koma girma.

Abin da ya sa naka ke faɗowa

Ruwa ba ya tsami banza. Ban ga tankinka da idona ba, amma bayaninka ya nuna mini abubuwan da na sha gani a wajen masu farawa. Na farko, sufa gulun shagon unguwa tsararo ne kamar ruwa. An yi shi ne don haɗa abu biyu masu santsi da suka zauna daram a kan juna, kamar fasasshen kofi. Dutsen tanki kuwa duk ramuka ne da tudu, gindin dashen ma haka, saboda haka inda suke taɓa juna bai wuce kan allura biyu ko uku ba. Gam mai ruwa ba ya cike giɓi. Na biyu, tanki ɗan wata biyu yana cikin lokacin da dutse ke lulluɓe da wata ƙura mai ruwan ƙasa da yauƙi. In ka shafa da yatsa za ka ji santsi. Wanda ya sa gam a kan wannan, yauƙin ya manna wa, kuma yauƙin zai saki. Na uku, ina kyautata zaton famfunan da ke kaɗa ruwa suna aiki lokacin da kake mannawar. Na huɗu kuma akwai masu aikin dare: manyan katantanwa irin su Turbo, da ƙaguwar nan mai shiga gidan katantanwa, da bushiyar teku in kana da ita. Ba da gangan suke yi ba, kiwon gansakuka suke, amma katantanwa ɗaya in ta sa ƙarfi tana ture dashen da bai zauna da kyau ba. Shi ya sa da safe kake tarar da ɓarnar.

Maganar gam da lafiyar kifi

Hankalinka ya kwanta. Sufa gulun da sinadarinsa cyanoacrylate ne, haka za ka ga an rubuta a jikin kwalin, shi ne abin da masu kiwon murjani ke amfani da shi a ko'ina a duniya. Tun 1958 kamfanin Eastman Kodak na Amurka ya fara sayar da shi, bayan aikin da Harry Coover ya yi a kansa. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama yatsa nan take, kuma da ya taɓa ruwa sai ya zama busasshiyar roba wadda ba ta narkewa. Wanda kake bukata shi ne mai kauri, wanda aka rubuta Gel a jikinsa. Loctite da Gorilla duk suna da irinsa, akwai kuma waɗanda aka yi musamman don tanki kamar Reef Glue na Seachem. In ka samu na kasuwa mai kauri kuma sinadarin shi ne, ba dole sai mai hoton kifi a kwali ba. Ka dai kula, Gorilla suna da wani gam mai ruwan ƙasa mai kumbura, na katako, wannan daban ne, kada ya shiga tankinka.

Abu na biyu shi ne ifoksi mai kamar foti. Yana zuwa kamar sandar alli mai kauri, launi biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Ka yanko kaɗan ka murje da yatsu har launin ya zama ɗaya, sannan kana da 'yan mintoci kafin ya fara tauri. AquaStik da Aquascape na D-D na cikin waɗanda aka sani. Mutane da yawa suna jin haushinsa saboda sun ɗauka gam ne. Ba ya danƙo a jikin jiƙaƙƙen dutse. Amfaninsa shi ne ya shiga ramuka ya cike giɓi, in ya daskare ya zama kamar kujerar da aka sassaƙa daidai gindin dashen. In ka yi amfani da shi da yawa ruwa zai ɗan yi hazo, na'urar da ke tace dattin ruwa ta hanyar kumfa kuma za ta haukace ta yi ta ambaliya na yini ɗaya ko fiye, don haka ka rage mata ƙarfi ko ka kashe ta na ɗan lokaci. Wanda masu gyaran mota ke faci da shi, mai garin ƙarfe a ciki, ka nisance shi. Haka ma silikon na banɗaki mai maganin fumfuna.

Akwai dabarar nan ta masu gyara, ta zuba yashi ko auduga a kan sufa gulu mai ruwa ya daskare kamar dutse. Tana aiki sosai wajen haɗa dutse da dutse a busasshe kafin a zuba ruwa. Amma tana fitar da zafi da hayaƙi mai yaji, kada ka yi ta kusa da abu mai rai.

Kafin ka buɗe bakin gam

Da a ce ka tambaye ni ranar da aka kawo su, da na ce kada ka manna komai a makon farko. Da farko a yi musu wanka. Akwai ruwan magani na musamman, irin su Coral Rx da Revive, da ake haɗawa da ruwan tanki a kofi daban, a tsoma dashen na mintocin da kwalbar ta ce, yawanci biyar zuwa goma, a ɗauraye a wani kofin na ruwan tanki, sannan a zubar da duka biyun. Za ka yi mamakin abin da ke faɗowa: tsutsotsi masu faɗi, da ƙananan dodon koɗi marasa gida masu cin Zoanthus ko Montipora. Maganin ba ya kashe ƙwai, shi ya sa ake duba ƙarƙashin dashen da kyau a kankare duk wani farin ɗigo da aka gani a jere. In ba ka yi wannan ba, tunda yanzu a kwance suke a ƙasa, dama ce ta samu, ka yi.

Daga nan sai a jera su a ƙasa, kan yashi ko kan wata 'yar raga ta roba, inda haske bai yi tsanani ba. Ba ka san irin fitilar da suka saba da ita a wajen mai sayarwa ba, kuma haske mai yawa farat ɗaya ya fi ƙarancinsa saurin illa: dashen zai kori gansakukar jikinsa ya koɗe ya yi fari. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka matsar da kowanne zuwa inda kake so ya zauna, ka soka ƙafar fulogin a wani rami ka bar shi kwana uku ko huɗu. In ya buɗe sosai, launinsa bai canja ba, to wurin ya karɓe shi, sai a kawo gam. In ya ƙi buɗewa, ka matsar da shi cikin sauƙi tunda ba ka manna ba.

Fulogi kuwa, ni ra'ayina a rabu da abin da za a iya rabuwa da shi. A jikinsa ne Aiptasia, wata 'yar halitta mai harbi da ke yaɗuwa kamar ƙaiƙayi, da gansakuka mai ƙwallo-ƙwallo suke shigowa tanki. In dashen mai ƙashi ne kuma bai riga ya malale a kan fulogin ba, ka sa bakin filaya mai yanka ko wuƙa a daidai tsohon gam ɗin ka ɗan murɗa, zai ɓalle. In ya riga ya malale, ko kuma mai taushi ne, kada ka ɗaye shi. Ka datse ƙafar kawai, ka goge gefen faifan da buroshi, ka manna faifan. Farinsa zai dame ka da farko, amma cikin 'yan watanni murjanin da jar gansakuka mai tauri za su rufe shi.

Yadda nake yi da hannuna

Ina wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ba sabulu, ba man shafawa, ba turare, sannan in sa safar hannu ta roba. Ina kashe duk famfuna. Ina ɗaukar tsohon buroshin haƙori da na ware don wannan aiki in goge inda zan dasa har sai na ji kaushin dutsen. Ba na zaɓen tudu mai santsi. Ɗan loko nake nema, inda dashen zai iya zama da kansa ko ba gam, don wurin da ya riƙe shi ba gam shi ne zai riƙe shi da gam.

Sai in ciro dashen in dangwala gindinsa kaɗai a kan tishu har ya bushe. Tsokar ba a goge ta. Kada ka firgita don ya fito daga ruwa, minti ɗaya ko biyu ba ya yi masa komai, a teku ma in ruwa ya janye wasu suna shan iska fiye da haka. Ina matsa gam a gindin kamar girman ƙwayar wake, ko gyaɗa in dashen babba ne. Masu farawa suna yi wa gam rowa, kuma ɗigo ɗaya ba ya isa.

Ga inda dabarar take. Da gam ɗin ya shiga ruwa, take zai yi wata fatar sama-sama mai ɗan fari, kamar yanar da ke hawa kan kunu in ya huce, cikinsa kuwa yana nan ɗanye. In ka ɗora kawai ka danna, wannan fatar ce ke taɓa dutse, kuma ba ta da danƙo. Sai ka danna ka murza hagu da dama sau biyu ko uku, fatar ta fashe, ɗanyen gam ya shiga ramukan dutsen. Wani lokaci ina ɗan ɗago shi kaɗan har in ga gam ya yi zare tsakaninsa da dutsen, sannan in mayar in danna. Daga nan sai riƙo, ba motsi, daƙiƙa talatin cif. Ƙirga su nake yi, don hannu a cikin ruwa yana saurin gajiya, mutum ya ɗauka ya daɗe alhali goma ya yi. Famfuna kuma sai bayan minti goma zuwa sha biyar nake kunna su. In na kunna na ga dashen yana rawa, ba na jira gobe, a take nake sakewa.

In dutsen ƙarami ne da za a iya ciro shi, aikin ya fi sauƙi ninki biyu: ka ciro, ka goge, ka busar da wurin da tishu, ka manna a waje, ka yayyafa ruwan tanki a kai ya daskare, ka mayar.

In dashen yana da nauyi ko wurin bai daidaita ba, sai a haɗa biyun: gam a gindin dashen, ɗan curin ifoksi a kan gam ɗin, wani gam a ƙarƙashin ifoksin, sannan a danna a dutse a murza, a lallaɓa gefen ifoksin da yatsa ya shiga ramuka. Gam ya riƙe yanzu, ifoksi ya riƙe gobe. Ko masu farfaɗo da murjani a cikin teku, kamar ƙungiyar Coral Restoration Foundation da Ken Nedimyer ya kafa a Filorida ta Amurka a 2007, kankare dutsen suke fara yi sannan su zaunar da reshen da ifoksi.

Naka guda huɗu

Montipora ya fi sauƙin mannawa. Gam mai kauri, busasshen gindi, wuri mai haske da ruwa mai motsi sosai, daga tsakiyar dutse zuwa sama. In ruwanka ya yi masa, cikin makonni kaɗan za ka ga wani siririn baki mai haske yana malalowa daga gindinsa yana hawa kan gam ɗin har ya taɓa dutse. Ranar da ka ga wannan, ya zama ɗan gida. In irin mai faɗi ne kamar faranti, ka tuna zai yi wa duk abin da ke ƙarƙashinsa inuwa nan da shekara, kada ka sa wani abu mai son haske a wurin.

Euphyllia shi ne wanda maganar riƙon ƙwarya ba ta hau kansa ba, kuma shi na fi so ka yi wa a hankali. Irin mai rassa ba ya malalawa a kan dutse. Sama yake yi, kai ɗaya ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, nauyi yana ƙaruwa a sama alhali gindin yana nan yadda yake. Abin da ka riƙe shi da shi yau, shi zai riƙe shi har bayan shekaru. Saboda haka rami yake so. Ka nemi rami a dutsen da karan ƙashin zai shiga kamar santimita biyu, ko ka ciro dutsen ka huda shi da bakin huda kankare daidai kaurin karan ko ƙafar fulogin, sannan ka cike gefe da ifoksi da gam. Kafin ka ciro shi daga ruwa, ka kaɗa masa ruwa da hannu a hankali har ya janye tsokarsa ciki. Ƙashinsa yana da kaifi kamar reza a ƙarƙashin naman, in ka ɗaga shi a kumbure nauyin ruwan da ke jikinsa zai sa ƙashin ya yanka shi. A kara ake riƙe shi, kuma gam ko ifoksi kada ya kai inda tsoka ta fara.

Wannan na koye shi ne da asara. A shekarata ta biyu a harkar ina da wani mai kai uku, kore, wanda na ɗora a kan tudu da gam kaɗai don a nan ya fi kyan gani. Wata huɗu yana nan lafiya. Wata safiya na tarar da shi a kife a kan wani Montipora da ke ƙasa da shi. Inda ya kwanta a jikin Montiporan ya zama fari fat, ƙashi tsirara, faɗin kwabo. Shi kuma kai ɗaya ya tsage, washegari wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya rufe shi, dole na datse kan na yar don in ceci sauran biyun. Har yau ina jin ciwon abin, don rami na nan kusa da wurin, taƙi ɗaya kacal. Wannan ya kawo maganar tazara: Euphyllia yana miƙo dogayen zaruruwa masu harbi, musamman da dare. Ka bar masa fili na santimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe, ka ƙara a ɓangaren da ruwa ke turawa. Ruwa matsakaici yake so, wanda zai sa shi rausaya, ba wanda zai kwantar da shi gefe ɗaya ba.

Mai kama da naman kaza, ko Discosoma ne ko Rhodactis ko Ricordea, ba shi da ƙashi, kuma in abu ya dame shi yauƙi yake fitarwa ya zame. Babu gam ɗin da zai riƙe shi. Ka samu ɗan ƙaramin kofin roba, ka zuba ɓaraguzan dutsen tanki a ciki, ka ɗora shi a kai, ka rufe bakin kofin da raga ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, ka ajiye a kusurwar da ruwa bai da ƙarfi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai kama ɗaya daga cikin ɓaraguzan da ƙafarsa. Wannan ɓarbashin dutsen shi za ka manna inda kake so. Ragar buhun lemo ko albasa da aka wanke ta isa, ko yadin net na teloli. Ina roƙonka kada ka yanko gidan sauro. Irin wanda ake rabawa a asibiti feshe yake da maganin ƙwari, kuma wannan maganin guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande da ƙaguwa. Haka ma feshin sauro da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da tanki yake. In nan gaba ka sayi mai kama da fata, irin Sarcophyton, shi ana soke gindinsa da tsinken sakace, a ɗora a kan dutse, a zagaya roba ta kan bakin tsinken biyu. Sakwa-sakwa ake ɗaurewa, in ta matse sai ta raba shi biyu.

Zoanthus ka bar shi a kan faifansa, ka datse ƙafar, ka manna faifan a ƙasa-ƙasa ko tsakiya. Zai malalo da kansa. Amma a kansa akwai gargaɗin da ba na wasa da shi. Wasu daga cikin danginsa, musamman Palythoa, suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani a halittun teku. Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai ne suka fara tace shi a 1971 daga wani da aka samo a Hana, tsibirin Mawi. Ba shi da makari, kuma ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi. Yana shiga ta ƙujewar hannu, ta ido, ko ta numfashi. A 2018, a wani ƙauye a Oxfordshire ta Ingila, mutum goma aka kai asibiti, har da 'yan kwana-kwana, bayan wani mutum ya kankare dutsen tankinsa a cikin gida. Saboda haka safar hannu da tabarau dole ne, baki a rufe, yara su yi nisa. Kada ka taɓa zuba wa dutsen tanki ruwan zafi ko ka tafasa shi, tururin ne ke kwantar da gida guda. In bayan aiki ka ji ɗaci kamar na ƙarfe a baki, ko zazzaɓi, ko ƙuncin numfashi, ko ido ya yi ja yana zafi, ka tafi asibiti nan take ka faɗa musu abin da ka taɓa.

Inda gam ya tsaya

Duk abin da na faɗa zai hana faɗuwa, amma kamawa sai ruwa ya yi daidai. Gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam wajen 1300, su biyun a ma'aunin ppm. Tsayuwarsu wuri ɗaya ta fi dacewa da lamba muhimmanci. Tanki ɗan wata biyu bai gama nutsuwa ba, don haka in ɗaya zai ba ka wahala a cikin huɗun, Montipora ne, kuma in ya koɗe kada ka ɗora wa gam laifi. Da ni ne, ba zan ƙara sayen mai ƙashi irinsa ba sai tankin ya kai wata shida.

A Abuja kuma abokan gabarka biyu ne, zafin Maris da Afrilu, da ɗaukewar wuta. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana sauke zafi, sai dai tana ƙara ƙafewa, kuma abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, wanda ya bi ta na'urar tace ruwa da ake kira RO, ba na rijiyar burtsatse ba. Wuta kuwa, in ta ɗauke, fitila za ta iya jira, motsin ruwa ne ba ya jira. Ka sa famfo ɗaya a kan inbata, ko ka ajiye ɗan famfon iska mai batir. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: lokacin da wuta ta dawo famfuna suka tashi gaba ɗaya, wannan bugun farko yana iya ture dashen da bai zauna ba. Kada ka sa sabon dashe a saitin bakin famfo.

Yawancin aikina a kan masu taushi ne da masu manyan kawuna irin Euphyllia, da Montipora, kuma a kansu na yi maka magana. In ka kai ga Acropora, wani murjani mai ƙashi da rassa, mannawar iri ɗaya ce, amma kula da ruwansa wani karatu ne daban da za mu yi in lokacin ya zo.

A ƙarshen makon nan ka fara da wankan magani, ka sa naman kazan a kofinsa, ka nemo wa Euphyllia rami, sauran biyun su zauna a ƙasa har gam mai kauri ya iso. Ranar da ka manna, ka ɗauki hoton kowanne daga kusa, ka sake ɗauka bayan mako biyu daga wuri ɗaya. Tsakanin hotunan biyu hannunka kada ya shiga wajensu sai in wani ya faɗo. Ka turo mini duka biyun, tare da awon gishiri da alkaliniti na ranar, mu duba gindin Montiporan tare.